Jigon Nomau da Kwanson Malam-buɗe-littafi

An yi wani mutum a wani gari can baya, tun zamanin da ba a san inji ba, ba a san famfo ba. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya kuma cikin masu sarauta. Bawan Allah ne kawai mai ɗan lambu a bakin kogi. In ana lissafa mutanen garin, sai an gama da kowa sannan wani ya ce, "Af, da Nomau." Ku saurara da kyau, jama'a, don irin waɗannan da bakin mutane yake tsallakewa, sau da yawa su ne masu matsayi a wurin Ubangiji.

Shi da matarsa Hansai suke zaune, da jikoki biyu marayu da Allah ya bar musu. Abin da za su ci da abin da za su sa, duk daga lambun nan yake fitowa. Albasa ce, da barkono, da ɗan alayyafo. Ruwan kuwa da jigo ake ɗebo shi. Ku yaran yanzu ba ku san jigo ba. Doguwar sanda ce ake ɗorawa a kan wani itace da aka gitta tsakanin gwafa biyu. A ɗaure guga a kai guda, a manna dunƙulen laka a ɗaya kan. Ka ja guga ƙasa ya sha ruwa, nauyin laka ya ɗago maka shi, ka juye a hanyar ruwa, ruwan ya bi fangali-fangali. Mai lambu da jigonsa kamar makaho ne da sandarsa.

To, wata shekara da rani, zazzaɓi ya kwantar da Nomau na 'yan kwanaki. Da ya ɗan ji sauƙi, bai jira ƙarfi ya dawo ba, ya lallaɓa ya tafi lambu. Ya tarar ƙasa ta fara tsagewa, ganyen albasa ya langaɓe. Ya yi bisimilla, ya kama igiyar guga zai ja. Sai idonsa ya faɗa kan wani abu a ƙarƙashin jigon, daidai inda sandar take gugar itacen da ta hau. Wani ɗan abu ne kore, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, yana rataye da wani siririn zare da bai kai gashi kauri ba.

Nomau ya saki igiya ya matsa. Ya san ko mene ne, don duk mai lambu ya sani. Tsutsar nan ce mai cin ganye. In kwananta ya cika, sai ta nemi wurin da ba a motsi, ta rataye kanta, ta rufe jikinta da kwanso, ta yi shiru kamar ta mutu. Daga cikin kwanson nan ne malam-buɗe-littafi yake fitowa da fukafukansa. Ita baiwar Allah ta ga jigo ya yi kwanaki a tsaye, ta ɗauka itace ne kamar kowane itace, ta amince da shi.

Ja ɗaya zai yi, sandar ta murƙushe abin. Ja ɗaya tak.

Ku tambayi kanku, 'yan'uwa, tsakaninku da Allah: wa zai tsaya? Tsutsa ce fa. Wataƙila ma albasarsa ta ci ta yi ƙiba. Amma Nomau ya tsaya. Ya sa yatsa zai cire abin ya mayar kan wani reshe, sai ya ji laushinsa, ya ga zaren yana neman tsinkewa, kwanson yana neman tsagewa. Ya janye hannunsa. Ya daɗe yana kallon lambun, ya daɗe yana kallon kwanson. Daga nan ya koma gida ya ɗauko tulu.

Gaɓar kogin nan tana da tsayi, gangarenta kuma da santsi. Nomau ya sauka ya cika tulu, ya ɗora a kafaɗa, ya hau, ya juye a fangali. Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Ya sauka, ya hau. Ya sauka, ya hau. Mutumin da jiya zazzaɓi ya sake shi, gwiwoyinsa kuma ba na saurayi ba.

Akwai maƙwabcinsa a lambu, wani mutum mai suna Jatau, sa'ansa ne, tare suka taso. Jatau mutum ne mai baki, amma zuciyarsa ba ta da duhu. Ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Nomau, jigon ya karye ne?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya haɗa ka da tulu?"

Nomau ya nuna masa. Jatau ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Wannan? Saboda wannan? Kai, zazzaɓin nan ya taɓa maka kai. Bari in ɗauke maka shi da farce."

Ya ce, "A'a, bar shi. Baƙo ne ya sauka a wurina. Ba zai daɗe ba."

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin azahar labari ya cika fadama: Nomau ya yi baƙo, tsutsa ce, har ya bar mata jigo.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar Hansai a tsaye a tsakar gida. Ta bari ya sha ruwa, sannan ta ce, "Malam, abin da nake ji gaskiya ne?"

Ya ce, "Gaskiya ne."

Ta ce, "Malam, ka dubi yaran nan. Ba su da uba sai kai. In lambun ya bushe, tsutsar ce za ta ciyar da su? In ka faɗi a gangaren nan, ita ce za ta ɗauko ka? Ni ban hana ka tausayi ba, amma tausayi ai daga gida yake farawa."

Kada wani a cikinku ya ga laifin matar nan. Gaskiya ta faɗa, kuma Nomau ya san gaskiya ta faɗa. Maganar ta tsaya masa a rai. Shi ya sa bayan sallar la'asar ya zauna har mutane suka watse, ya matsa kusa da limamin garin, wani dattijo mai natsuwa, ya kwashe labari ya gaya masa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, in na ja jigon nan abin ya mutu, ina da zunubi?"

Liman ya ce, "Ba ka da zunubi, Nomau. Neman abincin iyalinka kake yi, ba wasa da rai ba. Ja jigonka."

Nomau ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam. Da ban gan shi ba, da na ja, ban ma san an yi ba. Amma na gan shi. Hannuna ya ƙi."

Liman ya dube shi ya ce, "To ji nan. Ba zan hana ka alheri ba. Amma alherin da za ka yi, ka yi shi da bayanka, kada ka yi shi da akushin iyalinka. Su wajibi ne a kanka, wannan kuwa kyauta ce. Ranar da ka ga kyautar za ta cinye wajibin, ka ja jigo, kada ka yi gardama da kowa."

Nomau ya ce, "Na ɗauka."

Ku riƙe wannan magana ta liman, jama'a, don da yawanmu muna alheri a waje da haƙƙin na cikin gida.

Washegari Nomau ya tsaya a tsakiyar lambu ya raba shi a zuciyarsa. Fangalolin da ke kusa da kogi, su ne na ci da na cefane, waɗannan ba zai bari su bushe ba ko zai mutu a kan gangare. Akwai kuma wasu can nesa a ƙarshen lambu, albasa ce da ya shuka da niyyar in ta yi ya sayar ya ɗinka riga, don rigar da yake zuwa Idi da ita ta sha faci har ba a gane asalin yadinta. Ya dubi waɗannan ya ce, "Ku ne nawa. Ku yi haƙuri." Ya ɗauki tulu.

Ba ɗiban ruwan kaɗai ba ne. Abin nan da ke rataye ba ya iya kare kansa daga komai. Nomau ya ga tururuwa suna hawa gwafa, ya kwaso toka ya zagaye gindinta. Ya ga ƙadangare yana ɗaga kai yana leƙe, ya saro ƙaya ya ɗaure a jikin itacen. Ya ga rana tana dukan wurin da tsakar rana, ya saƙa ɗan guntun kaba ya kafa masa inuwa. In iska ta taso sai ya ɗaure jigon da igiya don kada ya motsa. Kullum da safe kafin ya taɓa tulu sai ya leƙa. Kwanson yana nan, kore, shiru. Ba ya motsi, ba ya godiya, bai ma san ana yi ba.

Kwana ya bi kwana. Kafaɗar Nomau ta saɓule, Hansai tana shafa masa man kaɗe tana ƙunƙuni. Albasar ƙarshen lambu ta yi ja, ta kwanta. In ya bi ta kasuwa sai ka ji wani ya ce, "Nomau, ya baƙo? Ya tashi lafiya?" A yi dariya. Shi kuwa sai ya ce, "Da godiya," ya wuce. Kada ku ɗauka ba ta yi masa zafi. Tana yi. Dattijo ne, da furfurarsa, sa'o'in 'ya'yansa suna masa dariya.

Sai ga babbar jarrabawa. Wata safiya ya leƙa, ya ga kwanson ya sauya. Koren nan ya tafi, ya koma baƙi-baƙi kamar abin da ya ruɓe. Gabansa ya faɗi. Hansai ta kawo masa fura, ta duba, ta ce, "Malam, ya mutu. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya gani. Ja jigonka." Masu lambu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba ya ce ya mutu.

Nomau ya zauna a gindin gwafa. Shaiɗan ya zo masa da lissafi: ga albasa ta tafi, ga kafaɗa ta tafi, ga mutunci ya zube, duk a kan mushe. Ya ɗaga kai ya dubi igiyar guga tana lilo kusa da hannunsa. Wallahi, 'yan'uwa, babu abin da ya kai wannan wuya: ka yi haƙuri a kan abin da ba ka san ko yana da rai ba. Ya ce a ransa, "Ban ji wari ba, ban ga ya tsiyaye ba. Ni ban san abin da ke ciki ba. Wanda ya rufe shi ne ya sani. Ba zan yanke masa hukuncin mutuwa da zato ba." Ya duba fangalolin ci, ya ga suna nan kore, sharaɗin liman bai karye ba. Ya tashi ya ɗauki tulu.

A ranar ne ƙafarsa ta zame. Yana tsakiyar gangare da tulu cike, santsi ya kwashe shi, ya gangara har bakin ruwa, tulun ya fashe, gwiwarsa ta daki dutse. Jatau ya ji ƙara ya tsallako shinge a guje, ya ciccibo shi ya hau da shi. Da ya ga jini yana bin ƙafar abokinsa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yau zan raba ka da wannan masifa. In ka ga dama kada ka sake yi mini magana." Ya ɗauki kara ya nufi jigo.

Nomau, wanda tun da yake ba a taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba, ya ja jiki da gwiwa mai jini, ya cafke wuyan hannun Jatau. Ya riƙe gam. Ya ce, "Jatau, don girman Allah. Don zaman da muka yi tun muna yara. Na san don ni kake yi. Amma shi ba shi da wanda zai roƙa masa sai ni."

Suka tsaya a haka, ido cikin ido. Jatau ya ga hawaye a idon dattijo. Ya saki karan ya faɗi. Ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," ya juya ya tafi bai waiwayo ba.

Amma da gari ya waye Nomau ya ɗingiso zuwa lambu da aron tulu, sai ya tarar an fasa shinge ta ƙasa, an haƙa 'yar hanya daga lambun Jatau, ruwa yana gangarowa cikin fangalolinsa na ci. Jatau yana can yana jan jigonsa, ya ba shi baya. Nomau ya ce, "Jatau, Allah ya saka." Jatau bai juyo ba, ya ce, "Ni don yaran nan na yi, ba don tsutsarka ba."

Ba a daɗe ba, wata safiya da hantsi, Nomau ya leƙa kamar kullum, sai ya ga abin da ya sa numfashinsa ya tsaya. Kwanson ya yi haske, har ana hango wani zane-zane daga ciki. Sai kuma ya motsa. Ya ɗan girgiza, ya tsaya, ya sake girgiza. Yana da rai! Nomau ya durƙusa ya ce, "Allahu Akbar." Ya gyara zama. Yau zai ga fuskar baƙonsa. Duk wahalar nan, yau zai ga abin da ya yi wa.

Yana cikin haka sai ga Hansai tana sauri, mayafi yana zamewa. Ta ce, "Malam, tsohuwar nan ta bayan masallaci, Kulu mai daddawa, Allah ya yi mata rasuwa. Ka san ba ta da kowa. Ana neman masu haƙa, kuma maza duk sun tafi cin kasuwa, ba kowa sai tsofaffi."

Nomau ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dubi kwanson, yana motsi. Ya dubi hanyar gari. Hansai da kanta, ita da ta yi ta faɗa, ta tausaya masa, ta ce, "Ko ka ɗan jira kaɗan? Ai yanzu zai fito."

Ya ce, "Shi wannan fitowarsa ba ta bukatata. Ita kuwa shigarta kabari tana bukatata." Ya ɗauki fartanya ya kira Jatau, suka tafi.

Ƙasar rani ce, ta yi tauri. Suka haƙa, aka yi wa tsohuwa sutura, aka sallace ta, aka kai ta makwancinta. Rana ta karkata kafin Nomau ya komo lambu, ƙura har gira. Ya nufi jigo kai tsaye.

Kwanson yana nan a rataye, amma ya tsage daga ƙasa. Fanko ne, fari, iska tana kaɗa shi. Ba komai a ciki. Nomau ya ɗaga kai ya duba sama, ya duba kan shinge, ya duba cikin alayyafo. Akwai malam-buɗe-littafi nan da can a fadama, fari da rawaya da mai ɗigo-ɗigo, kowanne yana harkarsa. Wanne ne nasa? Babu mai gaya masa. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kwance igiyar da ya ɗaure jigo, ya yi bisimilla, ya ja. Jigon ya yi ƙara, guga ya taho cike.

Da ya koma gida Hansai ta tare shi tun daga zaure. "Malam, ka gan shi? Wane launi ne?"

Ya ce, "Ban gan shi ba. Ya tafi kafin in dawo."

Ta riƙe haɓa. Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Duk wahalar nan, ko ganinsa ba ka yi ba?"

Ya ce, "Ai ba don in gan shi na yi ba, Hansai. Don ya fita na yi. Kuma ya fita."

Shekarar nan da tsohuwar rigarsa ya je Idi. Kada ku jira in ce muku ya tsinci tukunyar zinariya a lambu, ko wani basarake ya aiko masa da kyauta. Ba a yi haka ba. Gwiwar ma ba ta sake komawa daidai ba, da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa. Iyalinsa dai ba su kwana da yunwa ba. Sauran lissafin kuwa yana wurin Wanda ba a yi masa ɓoyo.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Alheri na gaskiya shi ne wanda ka yi wa wanda ba zai iya gode maka ba, ka yi shi daga jikinka ba daga haƙƙin wani ba, kuma ba ka sa sharaɗin sai ka ga sakamakonsa da idonka ba. Mu yau in mun ba da loma ɗaya, muna tsaye muna jiran a yi mana kirari. In ba a gode ba, mu ce an ci amanarmu.

Kuma kada ku ce ku ba ku da jigo. Kowannenku akwai abin da Allah ya rataya masa a daidai inda zai takura shi. Wani tsohuwarsa ce a ɗaki, ta rikice, ba ta ma gane shi, kullum sai an wanke ta an ba ta a baki. Wani matarsa ce da juna biyu, ta kasa aiki, shi kuwa yana ta tsaki. Wani ɗansa ne mai nauyin kai, sa'o'insa sun wuce shi, har an fara cewa ba zai yi albarka ba. Wata kuwa mara lafiya take jinya, shekara da shekaru, dangi sun gaji sun daina leƙowa. Duk waɗannan a rufe suke. Ba ka san abin da Allah yake yi a cikinsu ba, kuma ba a ɗora maka sani ba. Abin da aka ɗora maka shi ne kada ka murƙushe su don sun tare maka hanya, kuma kada ka yanke musu ƙauna don mutane sun ce ba sauran amfani. Wataƙila ka ga ranar buɗewarsu, wataƙila a kira ka kafin nan. Ko ka gani ko ba ka gani ba, an gan ka.

Allah ya ba mu zuciya mai tausayin raunana, ya ba mu haƙurin da zai kai mu ƙarshe, ya karɓi ɗan abin da muka yi a ɓoye. Ku ce amin.